Layi ɗaya a saitin kenel ya hana ni naɗar murya

Ina da wata 'yar ƙaramar kwamfuta da nake aiki biyu da ita: naɗar murya, da tafiyar da wasu kwantenoni na gwajin manhaja, wato keɓaɓɓun wurare a cikin injin da ake tafiyar da manhaja ba tare da ta cuɗanya da sauran ba. Ta zo da Linux ɗinta, kuma kenel ɗinta, wato zuciyar Linux mai raba wa manhajoji kayan aikin injin, na jerin 6.6 ne wanda masu haɗa injin suka saita da kansu. Komai nata lafiya lau in ban da sauti. Wani lokaci in naɗi karatu ya fito tas, wani lokaci kuma in saurara in ji ƙas-ƙas a tsakiyar kalma, harafi ya ɓace. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rashin tabbas ɗin. Makirufo ɗaya, wayar haɗi ɗaya, saiti ɗaya, amma sakamako iri biyu.

Dalilin irin wannan ƙas-ƙas sananne ne ga masu aikin sauti. Katin sauti yana ɗaukar samfurin sauti 48,000 a kowace daƙiƙa, ni kuma na saita JACK, manhajar da ke kai sauti tsakanin katin da sauran manhajoji, ya riƙa kwasar 128 a lokaci guda. Ke nan kusan kowane milisakan 2.7 dole zaren da ke kula da sautin, wato ɗan reshen manhajar da ke gudana da kansa, ya farka, ya kwashe abin da ya taru, ya miƙa gaba. In ya makara ko da kaɗan ne, sabon sauti ya hau kan tsohon, an yi asara. Wanda yake yanke hukuncin wa zai hau furosesa yanzu wa zai jira shi ne ɓangaren kenel mai rabon lokaci. Ayyukan yau da kullum suna sahu guda, ana raba musu lokaci bisa adalci. Tun 2007 tsarin CFS na Ingo Molnar ne yake wannan rabo, sai a 6.6 aka maye gurbinsa da EEVDF a 2023. Adalci kuwa bai ishi zaren sauti ba. Shi so yake da ya farka a ture kowa a ba shi wuri, kuma don haka aka tanadi sahun gaggawa, SCHED_FIFO da SCHED_RR, masu matakin fifiko daga 1 zuwa 99. Duk zaren da ke wannan sahu yana gaba da kowane aiki na yau da kullum.

Da na tayar da JACK daga tagar umarni don in ga abin da yake cewa, sai ga shi a fili: ya nemi shiga sahun gaggawa, an amsa masa da "Operation not permitted". Bai tsaya ba, ya ci gaba da aiki a sahun kowa-da-kowa, shi ya sa sautin yake fita amma da tsinkewa.

Duk wanda ya ga wannan saƙo, hankalinsa kan izini yake tafiya, kuma nan na fara. Na duba fayilolin da ke /etc/security, na tabbatar rukunin audio yana da rtprio 95 da memlock marar iyaka, na tabbatar sunana yana cikin rukunin, na fita na sake shiga. Umarnin ulimit -r ya nuna 95. Ta fuskar izini babu abin da ya rage. Sai na ajiye JACK gefe na yi gwaji mafi sauƙi, chrt -f 50 sleep 1, wanda ba ya komai illa neman fifikon gaggawa don barcin daƙiƙa guda. Aka ƙi. Na sa sudo a gaba, don umarnin ya gudana a matsayin root, mai cikakken iko a kan injin, aka sake ƙi, da saƙo iri ɗaya. A nan na daina zargin izini, domin root ba ya neman iznin kowa a wannan sha'ani. In an hana root, to wani abu ne daban yake hanawa yana aron saƙon izini.

Bakin zaren ya fito ne daga rashin tabbas ɗin nan da ya dame ni tun farko. Na lura in na kunna injin na buga chrt nan take, yana wucewa. In na tayar da hidimar kwantenoni tukuna, ba ya wucewa. Na karanta fayil ɗin /sys/fs/cgroup/cgroup.subtree_control kafin da bayan; cgroup shi ne tsarin da kenel ke tara ayyuka rukuni-rukuni da shi, kuma fayil ɗin yana jera abubuwan da ake kula da rabonsu a rukunonin. Kafin, kalmomi biyu ne a ciki, memory da pids. Bayan hidimar ta tashi, jerin ya ƙaru, har da cpu. Wannan kalma mai harafi uku ita ce iyakar tsakanin naɗi mai kyau da marar kyau.

Sai na juya gwajin. Na sake kunna injin, na tayar da JACK da farko, ya samu fifikonsa, sannan na tayar da kwantenoni. Sauti ya fita tas, amma wannan karo cpu ba ta bayyana a jerin ba. Na gwada rubuta +cpu a fayil ɗin da hannuna, aka ce "Invalid argument". Wato ayyukana biyu ba sa zama inuwa ɗaya: wanda ya riga tashi shi ke toshe wa ɗayan hanya.

Daga nan na koma kan saitin kenel. An yi sa'a masu injin sun kunna CONFIG_IKCONFIG_PROC, don haka akwai /proc/config.gz, kuma zgrep GROUP_SCHED ya fito da layukan da nake nema. A cikinsu akwai CONFIG_RT_GROUP_SCHED=y.

Abin da wannan zaɓi yake yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba mugun abu ba ne, kuma wanda ya fahimce shi ba zai sake ruɗewa da saƙon ba. Kenel ba ya barin ayyukan gaggawa su cinye furosesa ɗungurungum. A kowane zango na mikirosakan 1,000,000, wato daƙiƙa ɗaya, ana ba su 950,000, a bar 50,000 ga sauran ayyuka, don in wani zare ya haukace yana juyi ba tsayawa, mai injin ya samu ɗan sararin da zai kashe shi. Lambobin biyu suna nan a /proc/sys/kernel, sched_rt_period_us da sched_rt_runtime_us. Zaɓin RT_GROUP_SCHED yana ɗaukar wannan kaso ya ce a raba shi tsakanin rukunonin cgroup. Rukunin tushe yana riƙe da 950,000 ɗin gaba ɗaya, kuma duk sabon rukunin da aka buɗe a ƙarƙashinsa yana farawa da sifili, sai an yanka masa rabonsa da hannu. Na buɗe kernel/sched/core.c na karanta sharaɗin da idona: in aiki ya nemi sahun gaggawa alhali rukuninsa kasonsa sifili ne, a mayar masa da EPERM, lambar da ake fassarawa da "Operation not permitted". Ba a tambayar ko root ne. Izinin da na shirya a fayilolin /etc/security lasisin tuƙi ne, amma tankin motar babu mai ko ɗigo.

Shi kuwa systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin injin, kowane aiki sai ya sa shi a rukuni: masu amfani a user.slice, hidimomi a system.slice. Muddin ba a kunna mai kula da cpu ba, mai rabon lokaci yana kallon kowa a rukunin tushe, shi ya sa chrt ke wucewa da an kunna inji. Da zarar wata hidima ta sa an kunna shi, kowane ɓangare ya zama rukuni mai zaman kansa mai kason sifili. Ɗaya gefen ma haka ne: kenel ba ya yarda a kai zaren gaggawa rukunin da ba shi da kaso, don haka in akwai irin wannan zare yana gudana a user.slice, kunna cpu ɗin ne ke faskara. Takardun kenel na cgroup na biyu, wato sabon fasalin tsarin, sun faɗi wannan ƙarara, cewa a kenel mai wannan zaɓi ba a iya kunna mai kula da cpu sai duk ayyukan gaggawa suna rukunin tushe. Kuma a cgroup na biyu babu ma fayil ɗin cpu.rt_runtime_us da za a rubuta rabon a ciki, a na farko kaɗai yake. Masu systemd su ma sun rubuta a takardar README ɗinsu cewa a kashe wannan zaɓi, saboda babu wata hanya mai ma'ana da za a raba kason ba tare da mutum ya zauna ya lissafa ba.

A ina yake da amfani? A na'urar da aka san ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, kamar injin sarrafa masana'anta, inda injiniya zai ce wannan rukuni ya ɗauki kaza cikin daƙiƙa, wancan kaza, kada ɗaya ya danne ɗaya. A can abu ne mai kyau ƙwarai, kuma ina kyautata zaton irin waɗannan masu saye aka yi wa tanadi. A injin da systemd ke buɗe rukunoni yana rufewa duk lokacin da aka shiga ko aka tayar da hidima, zaɓin ya zama katanga.

Kafin in ɗauki wahalar harhaɗa kenel, wato sake gina shi daga tushen rubutunsa, na auna gajerun hanyoyi. Ta farko ita ce rubuta -1 a sched_rt_runtime_us. Na gwada, chrt ya wuce, domin sharaɗin can na core.c ba ya aiki in an cire iyakar baki ɗaya. Sai dai abin da aka cire shi ne kariyar 50,000 ɗin nan, kuma ni injina na gwajin manhaja ne, inda zare mai juyi ba tsayawa ba baƙon abu ba ne. Ga shi kuma bai warware ɗaya gefen ba, in JACK ya riga tashi har yanzu cpu ba ta kunnuwa. Ta biyu ita ce in riƙa tura JACK rukunin tushe da hannu, in rubuta lambarsa a cgroup.procs na sama. Yana aiki, amma shiga gonar systemd ne, shi da yake ganin shi kaɗai ke tsara wannan bishiya, kuma kullum sai an maimaita. Ta uku, komawa cgroup na farko in raba kason mataki-mataki, daga uwa zuwa 'ya'ya, tare da kiyaye kada jimlar 'ya'yan ta wuce ta uwar. Wannan komawa baya ce, ga tsarin da systemd ya riga ya kama hanyar rabuwa da shi. Babu wadda ta kwanta mini. A 6.6 zaɓin ana yanke shi ne lokacin harhaɗawa, don haka can zan je in cire shi.

Na samo tushen kenel na jeri ɗaya da wanda ke injin, tare da gyare-gyaren masu injin, saboda kada in rasa direbobinsu. Na kwafo saitin da ke aiki da zcat /proc/config.gz zuwa .config, na adana kwafi na biyu da wani suna, na buga make olddefconfig. Shawarata ga duk mai wannan aiki ita ce ya fara daga saitin da ya san yana tayar da injinsa. Zaɓuɓɓukan kenel dubbai ne, kuma wanda ya fara daga babu zai ƙare yana neman dalilin da ya sa faifai ko allon rubutu bai tashi ba, ya manta da abin da ya kawo shi.

A make menuconfig, in ka danna alamar / ka rubuta sunan zaɓi, zai nuna maka inda yake da abubuwan da ya dogara da su. Nawa yana ƙarƙashin General setup, sai Control Group support, sai CPU controller. Na danna alamar tambaya a kansa don karanta bayaninsa, sai ga gargaɗin a rubuce tun asali: in an kunna shi, ba za a iya ba masu amfani sahun gaggawa ba sai an yanka musu kaso. Na cire tauraron da ke gabansa.

A wannan shafi ne na ga abu na biyu. Layin da ke sama da shi, CFS_BANDWIDTH, babu tauraro. Shi ne ke samar da fayil ɗin cpu.max, wanda ake ƙayyade wa rukuni iyakar abin da zai ci na furosesa da shi. CPUQuota na systemd a kansa yake, haka ma zaɓin --cpus na Docker, manhajar tafiyar da kwantenoni. Ba tare da shi ba, ko an kunna cpu lafiya, cpu.weight kaɗai za ka samu, wanda ke raba lokaci gwargwadon nauyi idan ana rububi amma ba ya sa iyaka. Ni kuwa iyakar nake so, don kwantenar da ke harhaɗa manhaja kada ta mamaye duka ƙwayoyin furosesa ina tsakiyar naɗi. Na kunna shi. Maƙwabta biyu a shafi guda, duka ana kiransu na zaɓi, ɗaya rashinsa ke karya manhaja, ɗaya kuma samuwarsa.

Wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. An saba ɗauka cewa zaɓi a kenel ƙari ne kawai, in ka kunna ba ka yi amfani da shi ba, iyakarsa ya ci ɗan wuri. Ga direban na'urar da ba ka da ita, haka ne. Ga mai rabon lokaci ba haka ba ne, domin kowane aiki a injin ta hannunsa yake bi, ko ya nemi sabon tsarin ko bai nema ba. JACK bai san da wani rukuni ba, bai nemi a raba kaso ba, amma dokar ta hau kansa. Haka SCHED_AUTOGROUP yake, wanda Mike Galbraith ya rubuta aka shigar a 2.6.38 a 2011. Yana tara ayyukan kowane zama na tagar umarni a rukuni guda, kuma yana sa tagogin da ke kan allo su yi sauƙin motsi lokacin da ake aiki mai nauyi. Amma da shi, nice 19 da ka sa wa wani aiki don ya sassauta wa saura, tasirinsa a cikin zamansa kaɗai yake, ba ya sa shi ya sassauta wa aikin da ke wata taga. Mutum zai yi ta mamakin me ya sa nice ya daina aiki, alhali yana aiki, ma'anarsa ce ta canja. Shi na bar shi yadda na same shi, domin ana iya kashe shi ba tare da harhaɗawa ba ta sched_autogroup_enabled, kuma ayyukan da aka sa a wani rukunin cpu ban da na tushe ba ya shafarsu.

Na kuma duba sashen Preemption Model. PREEMPT_DYNAMIC a kunne yake, wanda ke ba da damar rubuta preempt=full a layin tayar da kenel, don a iya katse kenel kansa a tsakiyar aiki a ba zaren gaggawa wuri. Na ƙara shi a saitin GRUB, manhajar da ke tayar da kenel, tare da threadirqs, wanda ke mayar da aikin amsa kiran na'urori zuwa zare. Ban nemi PREEMPT_RT ba. Mutane da yawa suna haɗa shi da RT_GROUP_SCHED saboda haruffan sun yi kama, alhali ba su da alaƙa. PREEMPT_RT aiki ne na shekaru kusan ashirin da ya shiga babban kenel a 6.12 a Nuwamban 2024, yana rage mafi munin jinkirin da zare zai iya fuskanta. A 6.6 sai an ɗora shi daga waje, kuma wasu direbobin da ba na cikin kenel ba ba sa jituwa da shi. Matsalata ba tsawon jinkiri ba ce, hana ni shiga sahun ne gaba ɗaya.

Kafin harhaɗawa na sa wa CONFIG_LOCALVERSION wata 'yar alama don sabon kenel kada ya hau kan tsohon, na share sunan fayil ɗin takardar shaida da ke CONFIG_SYSTEM_TRUSTED_KEYS saboda yana nuni ga fayil ɗin da ke injin masu haɗawa kaɗai, sannan na buga scripts/diffconfig tsakanin tsohon saiti da sabo. Layuka kaɗan suka fito, kuma kowanne na san dalilinsa. Sai make bindeb-pkg, na bar shi yana aiki, na girka fakitocin da suka fito. Tsohon kenel yana nan a jerin GRUB, ban taɓa shi ba.

Da injin ya tashi, uname -r ya nuna alamata. Na tayar da kwantenoni da farko, domin shi ne tsarin da ke kawo matsala. cpu ta bayyana a subtree_control. Na buga chrt -f 50 sleep 1 ba tare da sudo ba, ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya ya dawo, babu saƙo. Na tayar da JACK, na duba da ps -eLo pid,cls,rtprio,comm: zaren sautin ya bar TS na ayyukan yau da kullum, ya koma sahun gaggawa da lambar fifikonsa a gefe. Na sake kunna injin na juya tsarin, JACK da farko, kwantenoni daga baya, duka suka tashi. Fayil ɗin cpu.max ya bayyana a cikin rukunonin. Na sa wa wata kwantena iyakar ƙwaya ɗaya, na ba ta aikin harhaɗawa mai nauyi, na naɗi karatu tana ta faman aiki. Na saurara daga farko har ƙarshe, babu harafin da ya ɓace. sched_rt_runtime_us kuma yana nan a 950,000, kariyar ba ta tafi ba.

Akwai magana da nake so in yi wa masu rubuta manhaja, domin rabin wahalar nan daga saƙo ta zo. Manhajar da ke buƙatar wani abu na zaɓi daga kenel hanya uku take bi in ba ta samu ba: ta mutu, ta ci gaba shiru, ko ta ci gaba tana faɗa. Ta biyun ita ce mafi cutarwa, domin mai amfani zai ga aiki yana tafiya a gurgunce ba tare da ya san an hana shi wani abu ba. JACK ya bi ta ukun, shi ya sa na samu inda zan fara. Amma ana iya ƙarawa a kai. In sched_setscheduler ya dawo da EPERM alhali iyakar RLIMIT_RTPRIO ta isa, manhajar ta riga ta san ba izini ba ne, kuma layi ɗaya da zai ce a duba rukunin cpu da CONFIG_RT_GROUP_SCHED zai rage wa mutum doguwar tafiya. Haka in fayil ɗin cpu.max babu shi, a ambaci CFS_BANDWIDTH da sunansa. Kuma duk wanda ke rubuta jerin zaɓuɓɓukan da manhajarsa ke so, ya rubuta har da waɗanda take so a kashe, ya bambanta na dole da na ƙari, domin masu haɗa kenel irin waɗannan jeri suke bi suna kunna duk abin da suka gani.

Canje-canjen nawa na tattara su a ƙaramin fayil guda: RT_GROUP_SCHED a kashe, CFS_BANDWIDTH a kunne, sai alamar suna da takardar shaida. A saman kowane layi na rubuta manhajar da ta sa aka yi shi. In masu injin suka fitar da sabon kenel, zan ɗauki saitinsu in ɗora nawa a kai da scripts/kconfig/merge_config.sh, wanda ke faɗa in wani layin da na nema bai samu shiga saitin ƙarshe ba. Bayan kowace girkawa kuma gwajin biyu ne: chrt bayan kwantenoni sun tashi, da neman cpu.max a system.slice.